Daga Lambatu Zuwa Akwatin Tanda: Jagorar Gyaran Hanya a Ƙasar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Da zarar ruwan ƙarshe ya ɗauke a watan Oktoba, lokacin duba hanya ya yi. Ɓarnar damina tana nan ɗanya, ana ganin inda ruwa ya kwana, inda ya yanka gefen titi, da kwalbatin da yashi ya toshe. Ƙasa tana da sauran laima, tafkuna da gulaben Gagare da Bunsuru ba su gama janyewa ba, don haka ruwan daɓe bai yi tsada ba tukuna. A daidai wannan lokaci kuma ma'aikatu ke haɗa kasafin kuɗin baɗi. Garin da ya bari sai an shiga Yuli, mota ta kafe da buhunan taki, sannan ya tashi wakilai zuwa Gusau, ya makara da shekara guda cur.

Wannan jagora ce ga waɗanda ba injiniyoyi ba amma hanyar tasu ce: shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari, kansiloli, masu unguwanni, 'yan ƙungiyar direbobi, da matasan garin Banga da maƙwabtansa da suka gaji da ganin allon kwangila babu aiki. Ha'incin aikin hanya wuri biyu yake ɓuya, ƙarƙashin kwalta da cikin takarda, kuma duka biyun mutumin gari zai iya dubawa in ya san abin da yake nema.

Hanyar ta wa ce?

A Nijeriya hanya tana da iyayen gida uku. Gwamnatin tarayya tana riƙe da kimanin kilomita 35,000 cikin kusan 195,000 da ƙasar ke da su, jihohi suna da nasu kason, sauran kuwa, wajen kashi biyu cikin uku, na ƙananan hukumomi ne. Manyan hanyoyin da ke tsallaka iyakar jiha galibi na tarayya ne. Mai ƙorafi a kan wadda ta tashi daga Ƙauran Namoda ta bi ta Zurmi ta faɗa Jibiya a Jihar Katsina, ko wadda ta ratsa Shinkafi ta shiga Isa a Jihar Sakkwato, ya fara tambaya a ofishin Kwanturolan Ayyuka na Tarayya da ke Gusau, da ofishin FERMA, hukumar da aka kafa a 2002 domin faci da kula da hanyoyin tarayya. Titunan cikin gari da lambatunsu da hanyoyin ƙauye kuwa, Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, ciyaman ya rage hujjar cewa shi ɗan kallo ne, ko da yake hukunci daban, aiwatar da shi daban.

Akwai ƙofa ta huɗu, wato ayyukan mazaɓu na sanata ko ɗan majalisar wakilai. Irin wannan hanya takan fito a kasafin tarayya ƙarƙashin wata hukuma da ba ruwanta da hanya, shi ya sa ake rasa wanda za a kama. Tun 2019 hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC take bin diddigin irin waɗannan ayyuka. A tabbatar da mai hanya kafin a rubuta ko layi ɗaya, domin takardar da aka kai ofishin da ba nasa ba, da murmushi ake karɓarta a jefa a durowa.

Abin da ke kashe hanya

Kwalta ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba. A ƙarƙashinta akwai ƙasar asali da aka daɓe, a kanta shimfiɗar marmara, a kan wannan kuma wata shimfiɗar marmara mai kyau ko fasasshen dutse, kowace wajen santimita 15 zuwa 20. Su ke ɗaukar kaya. Kwaltar da ke sama, wadda a titin cikin gari ba ta cika wuce santimita 4 ko 5 ba, babban aikinta hana ruwa shiga. Injiniyan Sikotilan John McAdam ya kafa sunansa a kan wannan fahimta wajen shekara 200 da suka wuce: busasshiyar ƙasa tana ɗaukar kaya, jiƙaƙƙiya ba ta ɗauka.

Saboda haka hanya sai da doro. Tsakiyarta ta fi gefenta tudu, domin ruwa ya gangara lambatu. A titin kwalta mai faɗin mita 7.3, tsakiya takan ɗara gefe da wajen santimita 9. A hanyar burji mai faɗin mita 6, sai ta kai santimita 15, saboda ruwa ba ya gudu a kan marmara kamar yadda yake gudu a kan kwalta. Wannan awon ba ya buƙatar safiyo. A ɗaure igiya a turaku biyu a gefe da gefe, a daidaita ta da ma'aunin ruwa na magina, a auna tazarar igiya da ƙasa a tsakiya da bakin hanya. In babu bambanci, ko tsakiya ta fi zurfi, to hanyar ta riga ta zama lambatu, ruwan unguwa ita zai bi.

Ƙasar wannan yanki tana da hali biyu. A jigawa, ruwan Agusta yana zuwa da ƙarfi lokaci guda, ya kwashe yashi ya cika lambatu da kwalbati, ya ci gefen titi har kwalta ta rataya ba abin da ya tallafe ta, ta riƙa gutsurewa. A fadama kuwa laka ce, ta kumbura da damina ta tsage da rani, hanyar da ke kanta tana motsi tare da ita. Maganin na farko lambatun kankare da dutsen da aka jera da siminti a bakin kwalbati. Maganin na biyu a kwashe lakar ko a ɗaga hanyar da cikon ƙasa mai kyau. Ɗan kwangilar da ya kawo magani iri ɗaya ga wuraren biyu bai taka hanyar da ƙafarsa ba.

Sai nauyi. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkawa wajen sau 16. Wato tirela guda da aka yi wa lodin wuce ƙima ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kuma shekaru da yawa shi ke kwashe gyaɗa da auduga zuwa kudu. Tun da ya daina zama abin dogaro, duk wani buhu da duk wata saniya da ta fito daga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis a kan taya take tafiya. Titin unguwa da aka yi don Keke Napep da babura, in aka mayar da shi wurin kwanan manyan motoci, ba zai ga damina uku ba. Ga kuma baƙin mai da ke ɗiga daga inji, wanda ke narkar da kwalta, shi ya sa bakin tasha da gaban garejin makanikai ke fara lalacewa.

Zagayen duba

A kafa kwamitin gari, a fita mutum uku ko huɗu da tef, littafi, fenti, da waya mai ɗaukar hoto. A sa alama kowace mita 100 daga wani wuri da kowa ya sani, kamar masallacin Juma'a ko makarantar firamare. A kowane tsakani a rubuta abin da aka gani da awonsa: rami nawa, faɗinsa da zurfinsa, lambatu mita nawa ya toshe, mita nawa ya karye, kwalbati nawa ke aiki. "Hanyarmu ta lalace, a taimaka mana" kuka ne. "Tsakanin mita 400 da 650 babu lambatu a gefen gabas, ruwa ya ci mita ɗaya da rabi na titi" kuwa aiki ne da injiniya zai iya sa wa farashi.

Kowace ɓarna tana faɗin ciwonta. Siririyar tsaga mai tsawo, a share ta a ɗura mata narkakkiyar kwalta kafin damina, aikin yini ɗaya ne. Tsagar da ta yi gida-gida kamar fatar kada tana nufin shimfiɗar ƙasa ta mutu, kuma duk kwaltar da aka zuba a kai asara ce, sai an tono an sake. Kwarin da ya bi sawun taya alamar rashin daɓe ne ko yawan nauyi. Kunya-kunyar da ke girgiza mota a hanyar burji da rani aikin gireda ce da ruwa da rola. Ramin da ke dawowa wuri ɗaya kowace shekara, a bar kallonsa a nemi inda ruwa ke fitowa, sau da yawa fasasshen bututu ne ko kwatar wani gida.

Bankin Duniya ya taɓa lissafa kuɗin sakaci. A rahotonsa na 1988 ya ce ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45, alhali gyaran da bai kai na dala biliyan 12 ba zai hana hakan. Sai dai yashe lambatu ba a yanka masa ƙyalle, ba a gayyato 'yan jarida, shi ya sa ba ya farin jini wurin 'yan siyasa. Dattawa suna tuna leburorin hanya na zamanin En'e, kowa da yankinsa, da diga da shebur da kwando. Tsarin bai tsufa ba. Mutum ɗaya da baro zai iya riƙe kilomita ɗaya zuwa biyu na hanyar ƙauye, yana buɗe magudana, yana cike ƙananan ramuka, yana sare ciyawar gefe. Ƙaramar hukumar da ta ɗauki irin waɗannan ta biya su a kan lokaci ta fi wadda ta sayi gireda ta bar ta ba taya a sakatariya.

Yadda ake faci, da yadda ake zuba burji

Facin kirki yana da tsari, kuma mai kallo zai iya gane shi daga bakin titi. Ana zana murabba'i a kewayen ramin, a wuce inda ya lalace a shiga lafiyayyar kwalta kamar tafin hannu. A yanka gefen a tsaye, kada a bar shi a kwance. A kwashe duk abin da ya ruɓe har sai an taɓa ƙasa mai tauri, a share ƙura, a tabbata babu ruwa. In ramin ya yi zurfi, a mayar da marmara ko dutse kashi-kashi, ana daɓewa, ba a juye gaba ɗaya ba. Sannan a shafa ruwan kwalta a ƙasa da bangon ramin domin sabo ya kama tsoho, a zuba kwalta ta ɗan ɗara titi, a bi da rola ko injin daɓe daga gefe zuwa tsakiya har ta yi daidai da sauran. Wanda ya juye kwalta cikin rami da ƙurarsa da ruwansa, ya bar tayoyin mutane su daɓe masa, ya yi aikin sha yanzu magani yanzu. Kafin mako shida za a gan ta a gefen hanya.

A aikin burji, komai yana kan irin ƙasar da yawan ruwanta. A je ramin da ake ɗibar marmarar a gani da ido. Mai kyau tana da tsakuwa da ɗan danƙon da zai riƙe ta. A ɗebi dunƙule daga wadda aka jiƙa za a daɓe, a matse a hannu. In ta wargaje da an buɗe hannu, ruwa bai isa ba. In ta bar caɓi a tafi tana ƙyalli, ruwa ya yi yawa ko laka ta fi tsakuwa. In ta tsaya dunƙule, aka jefar ta fashe gida biyu ko uku, ta yi. Injiniyoyi suna da gwajinsu na ɗakin bincike, wanda suke kira CBR, kuma ƙa'idar Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya tana neman kashi 30 ga shimfiɗar ƙasa, kashi 80 ga ta sama. Kwamitin gari yana da damar tambaya ko an yi gwajin, a kuma nuna masa takardar.

Rola ba ta daɓe abin da ya wuce santimita 15 zuwa 20 a lokaci guda, duk abin da ya fi haka samansa ne kawai zai yi tauri. Rola kuma ba ta aiki sai da tankar ruwa a gabanta. In kun ga gireda tana baza ƙasa, ƙura ta turnuƙe, babu tanka a kusa, to share fage ake yi wa masu zuwa kallo. Lissafin tifa ma yana da sauƙi. Kilomita ɗaya mai faɗin mita 6 da kaurin santimita 15 tana cin kubik mita 900 bayan daɓe, wato sama da 1,100 kafin daɓe. In tifa tana ɗaukar kubik mita 10, ana neman sawu fiye da 110. Yaro ɗaya da littafi a gindin bishiya ya isa ya ƙirga.

Kwalbati kuwa, kada a yarda da wanda bakinsa bai kai santimita 90 ba a ƙasar yashi, domin ƙarami in ya toshe ba mai iya shiga ya yashe shi. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 ƙarfinsa ke cika. A titunan cikin kasuwa da lunguna, bulon intalok ya cancanci a duba shi: ana buga shi a gari, matasa na iya shimfiɗa shi, in bututu ya fashe a cire a gyara a mayar. Sharaɗinsa a kafe gefensa da kankare, in ba haka ba zai baje.

Yadda ake ba da kwangila

Dokar Sayen Kaya da Ba da Kwangila ta 2007 ita ce ta kafa hukumar BPP, kuma ita ke aiki a kan kuɗin tarayya. Jihohi suna da nasu dokokin, waɗanda galibi a kan tsarinta aka gina su, don haka matakan kusan ɗaya ne ko da adadin kuɗi da kwanaki sun bambanta.

Farko sai aikin ya kasance cikin kasafin kuɗin da majalisa ta amince da shi. Hanyar da aka yi alkawarinta a kan mumbarin siyasa ba tare da layi a kasafi ba, ko an kafa mata allo, ba ta da uwa. Daga nan injiniyoyi su auna, su zana, su fitar da takardar ƙididdigar aiki. Wannan takarda ita ce zuciyar kwangilar. A cikinta ake rubuta kubik mita nawa na marmara, mita nawa na lambatu, kwalbati nawa da girmansu, kaurin kwalta, da farashin kowane ɗaya. Da ita ake biya, da ita ake kama ɓarawo. Abin da ba a rubuta a ciki ba, ba za a yi shi ba, komai daɗin bakin ɗan kwangila. Saboda haka wurin da kwamitin gari ya fi amfani shi ne kafin a rufe wannan takarda. A nuna wa mai awo inda ruwa ke bi da Agusta, domin shi da rani ya zo. Tun ran gini ran zane.

Sai talla. Dokar tarayya ta ce a buga a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema makonni su shirya. Kamfani yakan kawo rajistar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun fansho da na ITF da NSITF, shaidar ayyukan da ya taɓa yi, jerin injunansa, da injiniya mai rajistar COREN. Kowa ya saka farashinsa a ambulan da aka liƙe ya jefa a akwatin tanda. Da wa'adi ya cika ake buɗewa a bainar jama'a, a karanta suna da farashi da ƙarfi, kuma doka ta ce a gayyato masu sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiya mai zaman kanta. Ranar buɗe tanda ba ranar sirri ba ce. Ƙungiyar gari mai rajista ta rubuta ta nemi kujera.

Ba mafi araha kawai ake ba aiki ba. Doka ta ce mafi araha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan an tantance. Bambancin yana da girma, domin araha ba ta ado. Kamfanin da ya faɗi ƙasa da lissafin injiniyan gwamnati da nisa, ko dai zai rage kauri, ko ya dawo da kukan a ƙara masa, ko ya gudu. A rage santimita ɗaya kacal daga kwaltar titi mai faɗin mita 7.3, an ci tan 170 da ɗoriya a kowace kilomita, kuma ranar buɗewa ba wanda zai gane.

Bayan sa hannu akan ba da kuɗin kafin alƙalami. Dokar 2007 ta tsayar da shi a kashi 15 cikin ɗari, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida. Ba kyauta ba ne, ana cire shi daga biyan gaba, kuma ba a ba da shi sai da lamunin banki ko kamfanin inshora. Akwai kuma lamunin kammala aiki, wanda bai gaza kashi 10 ba. Idan ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, tambayar farko ita ce ina takardar lamunin, kuma me ya hana a karɓo kuɗin daga bankin. Sauran biya sai injiniya ya auna abin da aka yi ya ba da satifiket. A yi wa ɗan kwangila adalci a nan: gwamnati ma tana kashe hanya da jinkirin biya. Doka ta ce bayan kwana 60 biyan ya zama makararre, amma akwai masu bin bashin shekaru. Tun cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, farashin kwalta, wadda mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, da na siminti da gas ya sa lissafin bara ba ya aikin bana. Ba duk ƙarin kuɗi ne sata ba. Wanda ya halatta yana da takarda, da dalili, da amincewar kwamitin da ya ba da aikin.

Hanyoyin zamba sanannu ne. A tsaga aiki ɗaya gida biyar domin kowane ya faɗo ƙasa da adadin da zai kai shi gaban babban kwamiti. Mutum ɗaya ya shigo da kamfani uku su yi takara da juna. A laƙaba wa aiki sunan gaggawa domin a tsallake talla, alhali ramin ya shekara uku. Ko a ba ɗan siyasa takarda ya sayar, mai saye ya sake sayarwa, kowa ya cire nasa, na ƙarshe ya zo da abin da bai isa sayen gas ba. Wannan ta ƙarshe ita ta fi yi wa ƙauye illa a ganina, don kowa ya ci halak ɗinsa a takarda, hanya ce kawai ta kwana da yunwa. Dokar tarayya ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara biyar ba zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara biyar tare da tarar kashi 25 na kuɗin aikin. Ɗan kwangilar da yake ganin an zalunce shi yana da ranakun aiki 15 ya kai ƙara ga shugaban ma'aikatar, in bai gamsu ba ya wuce BPP, daga nan Babbar Kotun Tarayya.

Maganar tsaro ba a tsallake ta a wannan yanki. Kowane direban Zurmi ko Shinkafi ya san cewa inda rami ke tilasta masa taka birki, nan gabansa ke faɗuwa. Kwangilar da ba ta faɗi wanda zai tsare ma'aikata ba, da inda injuna za su kwana, da wanda zai biya, ta bar wa ɗan kwangila ƙofar fita a buɗe. A rubuta shi a takardar ƙididdiga kamar yadda ake rubuta siminti. A fara da wurare mafi muni, kwalbati da mashigin ruwa, maimakon a kankare kilomita goma lokaci guda a bar mutane cikin ƙura in aiki ya tsaya. A kuma sa sharaɗin ɗaukar leburori daga garuruwan da hanyar ta ratsa.

Sa ido har ƙarshe

Ranar da injuna suka iso, a nemi abu huɗu: sunan kamfani, tsawon aikin da inda ya fara da inda ya ƙare, wa'adin kammalawa, da sunan injiniyan gwamnati mai kula. A ma'aikatun tarayya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba da kwana bakwai a amsa takardar mai tambaya. Kwamiti ba shi da ikon tsayar da aiki ko ba lebura umarni, kuma wanda ya je wurin aiki neman na goro ya sayar da bakin gari duka. Ta hannun injiniya ake bi, da ladabi. "Injiniya, ranka ya daɗe, santimita nawa takarda ta ce a nan?" ta fi zagi aiki, domin ta nuna masa akwai mai ƙirga. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ranakun da suka fi muhimmanci su ne waɗanda ake rufe wani abu: ranar zuba kankare a kan rodi, ranar rufe kwalbati, ranar shafa ruwan kwalta a kan marmara. A ɗauki hoto da tef a jiki kafin a rufe. Ranar zuba kwalta a lura ko tana zuwa a lulluɓe da tamfol tana tururi, musamman in daga nesa aka ɗauko ta, domin wadda ta huce a hanya rola ba ta iya daɓe ta. Ba a zuba ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A auna kaurinta a bakin titi bayan rola ta wuce, ba kafin ta wuce ba.

Buɗe hanya ba shi ne ƙarshen kwangila ba. Akan riƙe wani kaso na kuɗin, galibi kashi 5 cikin ɗari, na wata shida zuwa shekara, kuma duk abin da ya lalace a wannan tsakani ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗinsa. A nemi sanin ranar da wa'adin zai cika, a kuma matsa tun farko ya haɗa da damina guda cikakkiya. Wata ɗaya kafin ranar, kwamiti ya sake zagayen duba da littafinsa na farko, ya rubuta kowace tsaga da kowane lambatun da ya karye da awonsa, ya haɗa da hotuna, ya kai wa injiniya da shugaban ma'aikatar, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata.